La'adar Gayyata da Kuɗin Kashbak a Rancen Waya: Matsayinsu a Fiƙihu, a Zakka da a Dokar Haraji

Tun daga ƙarancin takardun naira da aka sha fama da shi a farkon shekarar 2023, wayar hannu ta zama jakar kuɗi a garuruwan da ke kan hanyar Sakkwato zuwa Jega. Manomin albasa a Danchadi da mai sayar da awaki a Kajiji, waɗanda a da ba su yarda da ciniki sai an ƙirga kuɗi a hannu, yanzu suna karɓar taransifa, kuma rumfunan masu POS sun yawaita a Boɗinga da Shagari. Tare da wannan sauyi wasu ƙananan kuɗaɗe suka fara shiga asusun mutane ba tare da sun sayar da komai ba. Wani ana ba shi ne don ya jawo abokinsa ya yi rajista, wani kuma ana mayar masa da wani kaso na abin da ya kashe ko ya zuba. Na farkon shi ne la'adar gayyata, na biyun kuma matasa suna kiransa kashbak. Ƙanƙantarsu ta sa ba a cika tambaya a kansu ba, alhali tambayoyi uku ne ke rataye da kowace naira daga cikinsu: halal ce ko haram, yaushe zakka take hawa kanta, kuma mene ne rabon hukuma a ciki.

Yadda mu'amalar take gudana

Rance tsakanin mutum da mutum ta intanet ya fara ne da kamfanin Zopa a Ingila a shekarar 2005. Tsarinsa shi ne kamfani ya buɗe dandali, masu rarar kuɗi su zuba, masu buƙata su nema, shi kuma ya haɗa su ya ɗauki ladan haɗawa. Ɓangarori uku ke nan: mai bayarwa, mai karɓa, da mai dandali. A Najeriya akasarin manhajojin rance kamfanin ne da kansa yake bayar da kuɗin, amma akwai waɗanda suke tara kuɗin jama'a su ba manoma ko ƙananan 'yan kasuwa. Hukumar kula da hannayen jari ta fitar da ƙa'idojin tara jari daga jama'a a watan Janairun 2021, hukumar kare haƙƙin masu saye kuma ta fara yi wa manhajojin rance rajista a 2022.

Abin da ya wajaba mai fatawa ya gane tun farko shi ne kamfani ba ya haƙa kuɗin kyauta daga ƙasa. La'ada da kashbak suna fitowa ne daga kasafin tallarsa, kasafin kuma daga ladan da yake karɓa, wanda a dandalin rance mai ruwa yake fitowa daga aljihun wanda ya ci bashi. Saboda haka sunan da aka rubuta a fuskar waya, ko kyauta ne ko tukuici ko bonas, ba shi ne ake gina hukunci a kansa ba. Malaman fiƙihu sun daɗe da tabbatar da cewa abin lura a ƙulle-ƙullen ciniki shi ne manufa da ma'ana.

La'adar gayyata

Bahaushe bai buƙaci a koya masa dillanci ba. Dillalin kara yana haɗa mai saniya da mai saye, ciniki ya faɗa, a ba shi la'adarsa. Imamu Bukhari ya ƙulla babi a kan ladan dillali, ya ambaci Ibnu Sirina da Aɗa'u da Ibrahim da Hasan cikin waɗanda ba su ga laifinsa ba. Ƙullin da ya fi dacewa da la'adar gayyata shi ne ju'ala, wato mutum ya yi alkawarin lada sananne ga duk wanda ya cim ma wani aiki. Asalinta yana cikin aya ta 72 ta Suratu Yusuf, inda aka sanya kayan raƙumi guda ga wanda ya kawo ma'aunin sarki, da kuma hadisin Abu Sa'id al-Khudri game da sahabban da suka karɓi garken tumaki a kan ruƙya. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda Ibnu Abi Zaid ya kawo a Risala, ba a yanka wa ju'ala wa'adi, kuma mai aiki ba ya cancantar komai sai aikin ya kammala. Wannan ya yi daidai da sharaɗin da kamfanoni kan sa, cewa la'ada ba ta faɗawa sai wanda aka gayyato ya yi rajista ya fara mu'amala.

To amma ingancin sura bai wadatar ba, sai aikin da aka biya ladan dominsa ya kasance halal. Saurayin da ya gayyato maƙwabcinsa ya buɗe asusun tura kuɗi da biyan kuɗin wuta ya yi dillanci a kan abin da shari'a ta yarda da shi, la'adarsa kuma tsarkakakkiya ce. Wanda ya gayyato shi ya zuba kuɗi a dandalin da ke ba da rance da ruwa, ko ya ci bashi a can, ya shiga sahun masu taimako a kan riba. Hadisin Jabir da ke cikin Sahihu Muslim bai tsaya ga mai ci da mai ciyarwa ba, ya haɗa da marubuci da shaidu biyu. Idan mai riƙe alƙalami bai tsira ba, da wuya a ce wanda ya kamo hannun mutum ya kai shi ƙofar ya tsira. Ba a karɓar uzurin cewa kamfani ne ya biya, ba mai bashi ba, domin illar a nan tana cikin aikin ne, ba cikin wanda ya miƙa ladan ba.

Akwai sura ta uku wadda ta fi waɗannan laushi. Idan rancen ba shi da ruwa ko kaɗan, shin ya halatta mutum ya karɓi lada don ya samo wa wani mai ba shi rance? Ibnu Ƙudama a Mugni ya halatta, yana ganin ju'ala ce a kan aiki halal, amma ya hana karɓar lada a kan tsaya wa mutum lamuni. Malikiyya sun fi tsanani. Suna lissafa abubuwa uku da ba a yin su sai don Allah, wato rance, lamuni da alfarma, kuma sun yi saɓani a kan kuɗin alfarma. Maganar da ta fi daidaito a cikin mazhabar ita ce wadda ta rarrabe: idan mai shiga tsakanin ya yi tafiya, ya kashe kuɗi, ya sha wahala, yana iya karɓar ladan irin aikinsa, idan kuwa mutuncinsa kawai ya jingina, babu. A kan wannan ma'auni, wakilin da ke zagaya ƙauyukan Shagari a kan babur yana cika wa manoma takardu ma'aikaci ne mai haƙƙin lada. Mai unguwa ko malamin da sunansa kaɗai ya sa mutane suka amince, aka kuma riƙa tura masa kaso a kan kowane kai, shi ne ya kamata ya ji tsoro, musamman idan mutanen ba su san ana biyansa ba.

Ba a rufe wannan babi ba tare da tuna MMM ba. Ita ma da rigar taimakon juna tsakanin mutum da mutum ta zo, tana alkawarin kashi 30 cikin ɗari a wata da kashi 10 ga wanda ya kawo sabon mai zubi, har ta daskarar da asusun mutane a watan Disambar 2016. Inda la'adar ba ta da wata mafita sai kuɗin sabon shiga, ba dillanci ake yi ba, cin dukiyar mutane ne da ɓarna, kuma dokar zuba jari ta 2025 ta mayar da shirya irin wannan tsari laifi mai hukuncin ɗauri.

Kashbak

Nan ne aka fi ruɗewa, domin kalma ɗaya ce take ɗauke da mu'amaloli mabambanta. Mafi sauƙinsu shi ne wanda ake mayar wa mai saye. Mutum ya sayi katin waya na naira 1,000 aka mayar masa da naira 20. Wannan ɗan'uwan gyara ne da mai awo ke ƙara wa mai saye bayan an cika mudu, ko ragin da ake yi bayan an gama ciniki. Idan daga mai sayarwa ya fito ragi ne, idan daga mai dandali ne kyauta ce don jawo ciniki, kuma babu laifi a ko wanne matuƙar an rataya shi ga sayen, ba ga yawan kuɗin da mutum ya bari a asusu ko tsawon zamansu ba. Wannan togiya tana da muhimmanci. Majalisar Fiƙihu ta Duniya, a zamanta na Abu Dhabi a 1995, ta yanke cewa kuɗin da ake ajiyewa a asusun banki na yau da kullum rance ne a ma'anar fiƙihu. Duk ladan da ke ƙaruwa da ƙaruwar ajiyar da aka lamunce wa mai ita, ya bar babin gyara ya koma babin rance.

Sura ta biyu ita ce ainihin matsalar. Dandali ya sanar cewa duk wanda ya zuba naira 500,000 don a ba da rance na wata shida za a mayar masa da kashi 1 cikin ɗari nan take, wato naira 5,000. Mai kuɗin zai ce bai sa wa kowa ruwa ba, kamfani ne ya yi masa alheri. Amma idan aka cire ado, abin da ya faru shi ne ya fitar da naira 495,000 zai karɓi 500,000 bayan wa'adi. Ƙari ne da aka sharɗanta, aka auna shi da yawan kuɗi da tsawon lokaci, kuma wannan ita ce ribar da ayoyi na 275 zuwa 279 na Suratul Baƙara suka yi magana a kanta. Ƙa'idar hana rancen da ya jawo wa mai shi amfani ba ta inganta a matsayin hadisi daga bakin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ba. Ibnu Hajar ya raunana isnadinta a Bulugul Marami. Sai dai malamai sun haɗu a kan ma'anarta idan amfanin sharaɗi ne, kuma aikin sahabbai yana ƙarfafa ta. Abdullahi bin Salam ya gargaɗi Abu Burda kada ya karɓi ko da ɗaurin ciyawa daga wanda yake bi bashi, kamar yadda Bukhari ya ruwaito.

Masu sassauci suna kafa hujja da hadisin Abu Rafi'i, inda Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ranci ɗan raƙumi ya biya da wanda ya fi shi. Hujjar ba ta kai inda suke so ba. Wancan kyautatawa ce daga mai biya, a lokacin biya, ba tare da alkawari ba. Risala ta kawo cewa ko ƙarin adadi a wurin biya, Ashhabu ne ya halatta shi, Ibnul Ƙasim bai yarda ba, kuma saɓanin nasu yana inda babu sharaɗi, babu alkawari, babu al'ada. Kashbak da aka buga a talla kafin mutum ya zuba kuɗinsa ya tara ukun duka. Zancen cewa ɓangare na uku ne ya biya shi ma ba ya tsayawa a ma'aunin Malikiyya, domin Khalil a Mukhtasar bai buɗe ƙofa ba sai inda ya tabbata cewa amfanin mai cin bashi kaɗai ake nufi. Ƙari a kan haka, mai dandali ba baƙo ba ne a wannan ƙulli. Wakili ne mai cin moriyarsa, kuma abin da ya bayar da hannun dama ya riga ya lissafa shi a cikin abin da zai karɓa da hagu. Majalisar Fiƙihu ta halatta karɓar kuɗin hidimar rance a zamanta na Amman a 1986, da sharaɗin kada ya wuce ainihin abin da aka kashe. Ladan da ya isa a yanko wa mai zuba kuɗi kaso daga cikinsa ya wuce wannan iyaka.

Hukuncin yana canzawa idan ƙullin ba rance ba ne. Wanda ya zuba jari a noman rani bisa ƙiradi, ko ya sayi albasa ta hanyar salam, ko ya shiga murabahar taki da injin ban ruwa, ba mai ba da rance ba ne, kuma idan mai dandali ya rage masa ladan wakilci daga dukiyarsa babu riba a ciki. Sharaɗi ɗaya ne: kada kashbak ɗin ya zama hanyar lamunce masa uwar kuɗi ko wata riba tsayayya ta bayan gida.

Sura ta uku ita ce a ce wa wanda ake bi kuɗin kaya ya biya kafin wa'adi a mayar masa da wani abu. Wannan ita ce mas'alar rage ka gaggauta, wadda Malikiyya suka hana. Majalisar Fiƙihu ta sassauta a 1992, amma ta sharɗanta kada a yi yarjejeniya a kai tun farko, kuma kada wani na uku ya shiga tsakani. Tsarin dandali ya saɓa wa sharuɗɗan biyu.

Zakka

Abin da ya tabbata halal daga waɗannan kuɗaɗe yana shiga lissafin zakka, amma ba ta ƙofa ɗaya ba. Malikiyya suna bambanta ribar ciniki da fa'ida. Ribar ciniki tana bin shekarar uwar kuɗinta. Fa'ida kuwa, wato abin da ya zo ta kyauta ko gado ko ladan aiki, ana buɗe mata sabuwar shekara daga ranar da ta shiga hannu. La'adar gayyata ladan aiki ce, don haka fa'ida ce. Idan mai ita bai mallaki nisabi ba, wato kimar giram 85 na zinariya ko giram 595 na azurfa, zai riƙa haɗa ta da abin da ya biyo baya, shekara ta fara daga ranar da nisabi ya cika. Haka ma kuɗin da manomin Danchadi ya samu daga albasarsa: babu zakka a kan albasar kanta a mazhabar, sai kuɗinta ya shekara. Kashbak da ɗan kasuwa mai jujjuya kaya ya samu a kan sarin hajarsa kuwa ragi ne a farashi, yana komawa cikin jarinsa, ya ƙirga shi a watan da yake ƙiyasta shagonsa.

Wahalar tana ga wanda ya riga ya mallaki nisabi kuma la'ada take shigo masa sau arba'in a shekara. A bisa asalin mazhabar kowace tana da shekararta, abin da babu mai iya kiyayewa. Khalil ya ba da mafita: idan ranakun fa'idodi suka cakuɗe, ana jingina na farko ga na ƙarshe, saɓanin kuɗin bashi da ake karɓa kaɗan-kaɗan, inda ake jingina na ƙarshe ga na farko. Hanafiyya kuwa suna haɗa duk abin da ya shigo da nisabin da ke hannu a fitar rana ɗaya, kuma wannan ya fi sauƙi, ya fi amfanar talaka. Shi kuma uwar kuɗin da aka bayar rance, Malikiyya ba su wajabta masa zakka ba sai an karɓo shi, a fitar ta shekara ɗaya ko da ya daɗe. Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato, wadda doka ta kafa a 2016, tana sanar da kimar nisabi a naira lokaci zuwa lokaci, kuma da wannan sanarwa ya kamata a yi aiki, tunda farashin zinariya ba ya zama wuri ɗaya.

Rabon hukuma

Mutanen wannan yanki suna da dalilin yin tambaya a kan halaccin haraji. A Sifawa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma yana Boɗinga, kuma Kitabul Farƙi ya lissafa jangali da kuɗin gari cikin zaluncin sarakunan da aka yaƙa. Amma abin da aka soka shi ne karɓa da ƙarfi don jin daɗin masu mulki. Gazali da Shaɗibi sun halatta wa shugaba ya ɗora wa masu hali abin da zai tsayar da maslahar jama'a idan baitulmali ya gaza. Ko da mutum yana da ja a kan yadda ake kashe abin da aka tara, yin ƙarya a takardar bayyana kuɗin shiga ba ya halatta da wannan.

Dokar Haraji ta Najeriya da aka sa wa hannu a ranar 26 ga Yunin 2025, ta fara aiki a ranar 1 ga Janairun 2026, ba ta tambayar ko kuɗi halal ne. Tana tambayar ko kuɗin shiga ne. La'adar gayyata lada ce a kan hidima, saboda haka tana cikin abin da ake lissafawa, kuma kiranta kyauta ba ya fitar da ita, domin kyautar da aka yafe wa haraji ita ce wadda ba a yi wani aiki a madadinta ba. Naira 800,000 na farko a shekara ba su da haraji. Abin da ya haura har zuwa miliyan 3 ana ɗaukar kashi 15 cikin ɗari, ƙimar tana hawa har kashi 25 ga abin da ya wuce miliyan 50. Harajin mutum ɗaya yana zuwa ne ga hukumar tara kuɗin shiga ta jihar da yake zaune. Ƙa'idojin cire haraji tun daga tushe na 2024 sun sa kashi 5 a kan la'ada da kashi 10 a kan kuɗin ruwa. A ɗauka wani saurayi a Boɗinga ya gayyato mutum 40 a kan naira 2,000 kowanne: ya samu 80,000, inda aka yi cirewar kuma an riƙe 4,000. Abin da aka riƙe ajiya ce a kan harajinsa na shekara, kuma idan duk samunsa bai kai 800,000 ba yana da haƙƙin neman a mayar masa. Ba zai iya ba sai yana da lambar haraji da shaidar cirewa, abubuwan da wakilai da yawa ba su damu da nema ba.

Kashbak ɗin mai sayen kayan amfanin kansa ragi ne a abin da ya kashe, kuma haka hukumar harajin Ingila ta ɗauke shi tun a bayaninta na 1997. Ga ɗan kasuwa lamarin daban ne, domin ragin yana rage kuɗin sari, ribar da za a yi wa haraji ta ƙaru. Wanda aka ba mai zuba kuɗi saboda zubinsa kuwa samu ne daga jari, kuma a nan dokar ƙasa da fiƙihu sun haɗu a kan siffanta shi duk da sun rabu a hukunci: ita tana ganin ɗan'uwan kuɗin ruwa ne sai ta ɗauki rabonta, shi yana ganin haka sai ya hana. Biyan harajin ba ya wanke ragowar, kamar yadda ba ya sauke zakka, tunda zakka ibada ce mai niyya da masu karɓa takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ƙayyade. A Malesiya ana rage wa mutum harajinsa gwargwadon zakkar da ya biya, amma can ma zakkar ce ke rage haraji, ba harajin ne ke maye gurbinta ba.

Saura wanda irin wannan kuɗi ya riga ya shiga asusunsa. Ba a fitar masa da zakka, domin ba mallakinsa ba ne. Abin da hukuma ta riƙe daga tushe bai iso hannunsa ba, don haka abin da ya fi kusa shi ne ragowar kaɗai ke wuyansa. Fatawar da aka saba ji game da kuɗin ruwan banki ita ce a zuba shi a maslahar jama'a, saboda ba a san daga aljihun wa ya fito ba. A rance tsakanin mutum da mutum wannan dalili yakan faɗi, domin dandali yana riƙe da sunan wanda ya biya da adadin da ya biya. Idan manomin rani ne a bakin madatsar ruwan Shagari ya biya ƙarin daga kuɗin amfanin gonarsa, shi ya fi cancanta a mayar wa, kuma ba a komawa ga sadaka sai an nemi hanyar isa gare shi an rasa.